Takun Malam Barau

Tun da aka fito da takalmin gwiwa mai koyon tafiyar mai shi, tsofaffin Malumfashi suka jingine sandunansu. Da Malam Barau ya rasu, matarsa Iya Ladidi ta ɗauki nasa ta ɗaura, don ita ma gwiwar hagu ta fara ba ta wahala.

Ranar kasuwa ta je shagon Nafi'u mai gyara, saboda maɗaurin ya saki. Nafi'u ya ce ta taka ya gani. Ƙafar ta ja ƙasa, sannan ta dira da ƙarfi.

"Iya, wannan ai ba tafiyarki ba ce, ta marigayi ce. In kika ci gaba a haka ƙugunki zai karkace, kafin damina sai kwanciya. Kawo in goge ta, ya koyi taki."

"Wa ya aike ka? Maɗauri na kawo maka."

Ya ɗaure mata, ta koma gida.

Gida shiru. 'Ya'ya duk suna birni, sai kaji. Bayan la'asar ta lallaɓa har ƙofar gida, ƙugun yana mata zugi, ta juyo. Ta ratso zaure a hankali tana saurare: ƙafa ta ja, ta dira, ta ja, ta dira, sak yadda Malam yake shigowa daga masallaci.

A tsakar gida ta tsaya, ta gyara ɗankwali.

"Sannu da zuwa, Malam," in ji ta.

Sai ta koma ƙofa don ya sake shigowa.