Matakin Hagu

Mai tsofaffin kaya na huɗu ya juya ƙarfen a hannunsa, ya miƙa wa dattijuwa Mbah Sarjiyem abinta.

"Wannan ba aikin kamfani ba ne, Mbah. Kin taɓa ganin matakin keke mai hawa biyu? Ko mijinki bene yake ginawa?"

Maƙwabtansa suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta naɗe ƙarfen a gefen zaninta, ta ja hannun ƙanwarta Ngatini suka kutsa cikin kasuwar, ƙanwar tana ɗingishi a bayanta.

Saura mako biyu a yi addu'ar kwana dubu da rasuwar mijinta Pak Poniman, ranar da za a ɗora dutse a kabarinsa. Sarjiyem ta ci alwashin baƙi za su tarar da baƙin kekensa a ƙofar gida yana sheƙi, komai nasa cif. Ɗanta Wagiran ya so ya sayar wa 'yan birnin nan masu sa hular Turawan da, su yi jerin gwano ranar Lahadi. Ta ce sai dai bayan ranta. Keken nan shi ne shaidar irin mijin da ta aura, mutumin da duk ƙauyensu na yankin Bantul ake buga misali da shi: bai sha, bai caca, bai ɗaga ido ya kalli matar wani ba.

Ta sha wuya kafin ta haɗa sauran kayan. Sarƙa ta samu a birnin Yogya, sirdin fata a wajen wani tsoho mai tsadar tsiya, ƙararrawa kuma sai da aka aika Solo. Abu ɗaya ya gagara, matakin nan da ke gefen hagu na ƙafar keken ta baya. Faranti biyu ne, ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo da kamar yatsa uku, duka sun siɗe sumul har ɗaya ya tsage.

Poniman ya ce na ɗaure kejin tsuntsaye ne. Kurciyoyi yake kiwo, kuma duk ranar Kliwon, ranar kasuwa mai zagayowa kowane kwana biyar, sai ya tafi Imogiri tun da hantsi, ba ya dawowa sai la'asar. Sarjiyem ce take ƙulla masa shinkafa da tempe, wainar waken soya, a ganyen ayaba, ta ƙara ƙunshi ɗaya ya ajiye wa Ngatini, tunda gidan marigayiyar uwarsu, inda take zaune, a kan hanya yake. Ngatini baiwar Allah, da ƙafa ɗaya gajeriya aka haife ta, ba wanda ya taɓa zuwa neman aurenta. Sarjiyem ta tausaya mata iyakar tausayi.

Ita kanta Sarjiyem ba ta taɓa hawa keken ba. Tun suna amarci ya ce ƙafar baya ba ta da ƙwari, ba za ta ɗauki mutum biyu ba. Haka ta tsufa tana taka sayyada zuwa kasuwa da kwando a baya, yana wuce ta yana kaɗa mata ƙararrawa. Abin ya yi mata ciwo, ba ƙarya, amma ta haɗiye. Mai gyaran da ya kwance keken kwanan baya ya ce bai taɓa ganin wayoyin ƙafar baya masu kauri irin waɗannan ba. Ta ɗauka yabo ne, har ta ji daɗi.

Wani mai sayar da fitilu ne ya ƙare musu yawon. Ya duba bakin waldar ya ce hannun Mbah Harjo ne, maƙerin da ke bayan kasuwar Imogiri, in dai yana raye.

"Yu, yayata, mu haƙura mana," in ji Ngatini. "Wa zai duba wani mataki? Ƙafata ciwo take."

"Ƙafarki kullum ciwo take. Ni kaɗai zan je, in ɓata?"

Washegari suka hau mota, daga tasha suka ɗauki keken doki. Da suka iso ƙofar maƙerar Ngatini ta ce ba za ta iya sauka ba, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, wai hayaƙi.

Mbah Harjo yana raye, sai dai ya rankwafa. Yana karɓar ƙarfen ya washe baki.

"Na Poniman mai kurciya! Wannan shi ne na uku da na yi masa. Ina yake?"

Ta gaya masa ya rasu. Ya yi salati, yana shafa farantin da babban yatsa.

"Mutumin kirki. Ke yayarsa ce?"

Sarjiyem ta buɗe baki, amma tsohon bai jira ba. Ya ce zai ƙera mata sabo kafin Juma'a, kuma ba zai karɓi ko sisi ba. Ya ce mazan yanzu ba su san darajar mace ba. Mace mai zani a karkace take zama a bayan keke, ƙafa biyu a hagu, kowa ya san wannan, amma mutum nawa ne zai damu ko ƙafafun sun zauna daidai?

"Kejin tsuntsu ne ake ɗaurewa a nan," in ji ta.

"Keji?" Ya yi dariya har da tari. "Keji a gaban keke yake ratayawa, Mbah."

Ya tako zuwa bakin ƙofa don ya ga tsagar a haske. Dokin ya yi firgigit, keken dokin ya girgiza, mayafin ya zame daga fuskar Ngatini. Tsohon ya kare ido da tafin hannu, fuskarsa ta cika da murna da tausayi.

"Ashe tare kuke da matarsa! Bu Poniman, sannu da haƙuri, sauko in sake auna ƙafar."