Ƙofar Hagu

"Ku tsare ƙofar hagu," na faɗa wa yarana kafin a fara. "Kyaftin ɗinsu ta nan zai shigo. Kuna harbe shi, sauran za su watse."

Na san Dogo, kyaftin ɗin nasu, kamar yunwar cikina. A shagon gem ɗina na koya masa wannan wasan harbi na bidiyo tun bai iya riƙe pad ɗin sarrafa wasa ba. Da ƙungiyarsa ta fara cin gasa, sai ya sallame ni daga horar da su a gaban kowa. "Kawu, hannunka ya tsufa. Surutu kawai ya rage maka."

Na kama gabana. Na tara sababbin yara, na horar da su a kan raunin Dogo kaɗai. In wasa ya yi zafi, hagu yake bi. A da na yi masa faɗa har muryata ta dishe, bai taɓa gyarawa ba.

Yau wasan ƙarshe. Yarana suka yi kwanton ɓauna a hagu, ni kuwa har na fara shirya dariyar da zan yi masa.

Sai ga Dogo ta dama. Ta bayansu ya share su kaf.

Da aka tashi, ya zo ya durƙusa a gabana da kofin gasar a hannu.

"Wane ɗan iskan ne ya gyara maka hagun nan?" na tambaye shi.

"Kai ne, Kawu. Tun da ka tafi, duk na nufi hagu sai in ji kana zagina."