Kwanan Watan Hotunan Zulai

Manzo ya zura katin wayar cikin ordinatar, wato kwamfuta, a shagonsa na kasuwar Magaria. Mai wayar, tsohuwa Yakura, da ta taso tun daga Dogo-Dogo, ta zauna a benci.

"Hotunan 'yata Zulai ne," in ji ta. "Tana Aljeriya. Duk wata uku sabo yake zuwa."

Ya buɗe bayanan da ke manne da kowane hoto, waɗanda ba a gani sai an nema. Hoto goma sha ɗaya, kowane da zanensa, jikin farin bango. Amma duk rana guda aka ɗauke su, shekara biyu da suka wuce, kuma a Dogo-Dogo.

"Inna, wani yana miki ƙarya. Ba a Aljeriya aka…"

"Na sani, ɗana. Jajibirin tafiyarta ta ɗauke su. Kwana huɗu bayan nan ƙishirwa ta kashe ta a Sahara."

Manzo ya juyo ya dube ta.

"'Yarta Hinda nake nunawa, ɗaya-ɗaya. Ba ta san uwarta ta rasu ba. Yanzu a lakwal, makarantarsu, an koya musu duba kwanan watan hoto. Jiya ta ce in ba ta wayar."

Ta matso, ta dafa teburin.

"Ka goge wurin, ka sauya kwanan. Saura uku da ba ta gani ba. Ka ja min su, ɗana, su kai ta har ta gama jarrabawa."