Ɗalibar Gwaji

"Yaya, ajiye almakashin nan, yau ke ce ɗalibata!"

Ko jaka ba ta sauke ba ta faɗa shagon ɗinkin yayarta. Daga horon malamai masu ba ɗalibai shawara take, inda aka koya musu hanyoyin samun tallafin karatun jami'a. Gobe za ta tsaya gaban 'yan ajin ƙarshe, shi ya sa take son wasa bakinta.

Yayar ta ƙyalƙyale da dariya, ta naɗe hannu kamar 'yar makaranta. "To Malama, ga ƙwaƙwalwa, amma aljihu wayam."

"Akwai tallafinki! Me kike son karantawa?"

"Aikin jinya."

"Akwai shi, har da kuɗin littattafai!" Ta dinga zuba bayani kamar famfo ya ɓalle, tana zagaye keken ɗinki, har ta kai kan tallafin manyan da suka daɗe da barin karatu.

Sai ta ji dariyar ta ɗauke.

"Auta," in ji yayar a hankali, "wannan na ƙarshen, har da mai shekara arba'in?"

Ta dubi matar da ta bar aji don ita ta yi karatu. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ita.

"Har da ita, Yaya. Matso mu fara."