Hannun Mai Ɗaurin Kaya

Ludayin ƙarfe ya sake sauka a kunnensa, amma mai ɗaurin kaya bai gusa daga jikin taga ba. Matarsa ta kulle ƙofa, tana dukansa tana kururuwa kamar ita ake yankawa.

"Rama mana, in ka cika namiji!"

Ya san nauyin hannunsa. Hannun da ke ɗaure buhu ɗari a bayan mota, in ya sauka sau ɗaya, sai dai a kwashe ta. Kuma babu mai tambayar wanda ya fara.

Maƙwabta suka taru a waje. "Azzalumi, za ka kashe 'yar mutane!"

Yayanta ne ya ɓalle ƙofar, riƙe da gora. Sai ya tsaya cak. Hannun daman mijin yana ɗaure tamau a ƙarfen taga, igiya ta ci fata.

"Ke! Har ɗaure shi kika yi?"

Wani abokin aikin mijin ya matso, ya dubi igiyar, ya sunkuyar da kai.

"Ba ita ba ce, Yaya. Duk tasharmu shi kaɗai ya iya wannan ƙullin. Dubi ƙarfen ma, har fentin wurin ya goge, ba yau ya fara ɗaure kansa ba."