Dutsen da ke Tsakanin Madubai

Mari na biyu ne ya fasa wa Dakta leɓe. Ta bugu da bango, amma baƙin tabarau ɗinta na kare ido a wurin aiki bai faɗi ba.

"Ina dutsen?" in ji ɗan fashin da ya mare ta, wuƙarsa a maƙogwaronta. Ya sha jin labarin ɗan dutse mai daraja a ɗakin binciken nan, wanda ke tsaga siririn haske mai ƙarfi na na'urar leza ya fitar da ƙwayoyin haske ɗaure da juna, ko an raba su gabas da yamma.

Ta haɗiye jini.

"Ka yi wa Allah, ɗan'uwa, kada ka karkatar min da madubai. Yana tsakaninsu a kan tebur. Mitsitsi ne, sai ka sunkuya za ka gan shi."

Ya hankaɗe ta, ya durƙusa har idonsa ya daidaita da teburin.

Wuƙar ce ta fara faɗuwa. Sai kururuwa, yana birgima dafe da ido.

Dakta ta take wuƙar. Duk sabon ɗalibi, gargaɗinta na farko gare shi ɗaya ne: hasken lezar da ke bi ta tsakanin maduban nan ba a ganinsa, kuma yana ƙone ido, ba a sunkuyawa. Yau ta fara ce wa mutum ya sunkuya.