Waƙar da Suhaib Ke Ƙurewa

Me ke sa saurayi mai sallah sauraron mawaƙin da ke gurnani kamar ana yanka shi? Ban sani ba. Death metal ƙanena Suhaib ke kiran irin wannan waƙar. Sabon album ne aka turo masa a kasuwar Jimeta.

Ranar da na dawo gida a unguwar Damilu, ƙarar ta cika tsakar gida.

"Hamma, don Allah ƙara sautin!" in ji Suhaib.

"Allah ya kiyaye." Na fizge wayar sifikar.

Waƙar ta tsaya, ihun bai tsaya ba. Daga ɗakin mahaifiyarmu yake fitowa, tana kiran Baba da aka harbe a gabanta a Mubi.

Suhaib ya riƙe rigata. "Bappa ya rantse, in unguwa ta sake jin ta, gidan mari zai kai ta."

Na mayar da wayar, na ƙure sautin.